Kafin ku miƙa mujallarku ga mai wallafawa

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a zaure, rediyo na gefena, sai ga samari uku sun yi sallama, tare da ƙanwar ɗayansu wadda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Biyu daga cikin samarin ni na koyar da su Hausa a sakandare a nan Tsafe. Da muka gama gaisawa suka ciro kwamfuta daga jaka, suka ɗora a kan tabarma, suka juyo min da ita. Mujalla suka haɗa, shafi 32, Hausa zalla, suna son ta riƙa fitowa bayan kowane wata uku.

Na sa tabarau na duba. Akwai hira da wani dattijo a kan 'Yandoto da malamanta na da. Akwai shafi biyu na farashin masara da dawa da waken suya a kasuwar Tsafe, an jera na bana kusa da na bara. Yarinyar ta rubuta labarin matan da ke soya ƙuli-ƙuli suna biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Sai wani dogon rahoto, wanda ya fi tsaya min a rai, a kan manoman ƙauyukanmu da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu na nesa, suka tare a cikin gari suna neman aikin lebura. Aiki ne na gaske.

Babbansu ya ce, "Malam, rubutu dai mun gama. Wurin bugawa ne ya raba muna hankali. Mi kag gani?"

Hanya uku ce a gabansu. Wani mai hali a Gusau, wanda ke da kamfanin yaɗa labarai, kuma kowa ya san bangon da ya jingina da shi a siyasa, ya ce su kawo zai buga musu kyauta, takarda mai sheƙi, kala daga bango zuwa bango, har da bikin ƙaddamarwa. Wani mai maɗaba'a a Kaduna ya yi musu farashi mai sauƙi ta waya, ya ce su turo kafin alƙalami kawai. Na uku wani ƙaramin kamfanin wallafa ne a Zariya. Kuɗinsa ya fi na Kaduna, kuma maimakon ya ce su kawo, sai ya tsare su da tambayoyi: wa zai saya, nawa za ku sayar, wa zai kai ta kasuwa, ina kuɗin fitowa ta biyu? Samarin sun ji haushinsa. Ni kuwa shi na zaɓa musu. Na ga ya dace in faɗi dalilina a jarida, don na san akwai irinsu a Gusau da Bunguɗu da Ƙauran Namoda da Funtuwa, kowa da mujallarsa a cikin kwamfuta yana neman wanda zai fito masa da ita.

A bakinmu kalmar "bugawa" ɗaya ce, amma aiki biyu ta ƙunsa. Mai maɗaba'a kamar mai injin niƙa yake. Abin da ka zuba masa shi zai niƙa, in da tsakuwa a cikin hatsinka ba ruwansa, ka biya ka ɗauki garinka. Mawallafi kuwa shi ne wanda zai karanta rubutun tun daga farko, ya gyara, ya tsara shafuka, ya yi lissafin kwafi nawa kasuwa za ta iya ɗauka, ya nemo lambar ISSN daga Laburaren Ƙasa, ya kai musu kwafi uku na kowace fitowa kamar yadda doka ta tanada, ya san dillalan da za su sayar, ya kuma san yadda ake karɓo kuɗi daga hannunsu. In wani ya kai ƙara cewa an ɓata masa suna, sunan mawallafi na cikin sammaci. Mafi yawan waɗanda ke rataya allo a ƙofar shago suna kiran kansu masu wallafa, masu injin niƙa ne. Ba laifi ba ne, sana'a ce mai daraja, amma ka san wanda kake magana da shi.

Mai kyautar nan shi ya fi ɗaukar hankalin yaran, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya tara kuɗin mujalla da karo-karo, aka ce masa ga bugu kyauta, dole zuciyarsa ta karkata. Tambaya ɗaya na yi musu. Na ce rahoton nan naku na manoma, inda wani tsoho ya ce sun kai kuka har sun gaji ba wanda ya leƙo su, kuna ganin zai fito yadda kuka rubuta shi? Suka yi shiru. Na ce to ku ƙaddara ma ya fito. Gobe in kun gano rijiyar burtsatsen da aka buɗe da kiɗa da tafi ba ta ba da ruwa, kuma ɗan kwangilar abokin maigidanku ne, wa zai rubuta? Ba sai ya buɗe baki ya hana ku ba. Mu Hausawa kunya ce za ta yi masa aikin. Ku da kanku za ku cire labarin, ku ce ai bai kamata ba, mutumin nan ya yi mana halacci. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Daga fitowa ta biyu hoton maigida zai hau bango, ta uku za ta zo da shafi goma na taya murna, mai karatu kuma ba wawa ba ne, da ya ɗaga bango ya san ta wace ce.

Ko mun ajiye maganar 'yanci a gefe, akwai maganar tsawon kwana, kuma tarihin jaridun Hausa ya ishe mu darasi. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam na edita, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa fitar wa larduna jaridunsu: Kano na da Sodangi, Katsina na da Himma, Zazzau na da Bazazzaga, mu kuma na Lardin Sakkwato muna da Zaruma. Aka rushe NORLA a 1959. Yau ka tsayar da ɗan shekara 40 a tashar Tsafe ka tambaye shi Zaruma, zai ɗauka sunan mace kake nema. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a Kano a 1980, ya ba mu Albishir da Alfijir ta ajami, a 2012 wata gwamnatin ta garƙame shi, sai daga baya aka sake buɗewa. Jaridar Amana ta kamfanin Concord na Abiola ta zama tarihi. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, bayan ta haura shekara 70 a duniya, durƙushewar kamfanin New Nigerian a Kaduna ta tafi da ita.

Ba na raina aikin da waɗannan jaridu suka yi. Da su iyayenmu suka koyi karatun boko, ni kaina a shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo na fara sanin daɗin rubutun Hausa. Amma in gwamnatin Arewa da ta jiha da attajiri irin Abiola ba su iya riƙe jarida har abada ba, ina ga ɗan siyasa ɗaya da ke jiran zaɓe? Ranar da ya ci, ya samu manyan kafafen da suka fi ku. Ranar da ya faɗi, wayarsa ma ba za ta shiga ba.

Na Kaduna kuwa, mai araha, ba sai an ba ni labarin irinsa ba.

Shekara goma sha wani abu da suka wuce, mu malamai biyar muka haɗa kuɗi muka yi mujalla. Babban labarinmu a kan ƙarancin ruwa ne da bazara. Na bi ƙauyuka da babur, na ga mata suna fita tun kafin asuba da jarkoki, na zauna bakin wata rijiya na ga guga yana fitowa da rabin laka. Da izinin mazajensu na yi hira da wasu, muka ɗauki hoto daga nesa. Kanun labarin a bango shi ne "Ƙishi ya addabi matan ƙauyukanmu". Muka samu wani mai maɗaba'a a wani babban gari da ya yi mana ragi sosai, muka tura masa aikin da rabin kuɗi, ba wanda ya je. Ya ce mako biyu. Sai da aka yi mako shida, damina ta riga ta sauka, sannan kwalaye suka iso tasha. Na yanka igiya na ciro kwafin farko. Da manyan baƙaƙe ja, a saman hoton matan nan, an rubuta "Kishi ya addabi matan kauyukanmu".

Na buɗe ciki. Duk lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ta tafi. Baƙi sun zama baki, ƙafa ta zama kafa, faɗa ya zama fada. A wasu shafukan ma ɗan akwati ne ya maye gurbin harafin. Abin da ya faru shi ne, salon haruffan da ke kwamfutarsa ba shi da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, yaron shagon ya ga akwatuna, sai ya bi ya sa k da d da b, inda ya manta ya bari haka nan. Na kira maigidan, ya ce min, "Haba Malam, ai Bahaushe zai gane." Bayan kwana uku mijin ɗaya daga cikin matan ya same ni a makaranta da mujallar a naɗe a hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, abin da iyalina ta faɗa maka ke nan?" Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji nauyi. Kwafi 1,000 muka buga. Muka janye abin da muka iya janyewa, kwalayen suka shekara a ɗakina har gara ta fara ci, ragowar masu ƙosai suka ƙulle kaya da su. Ba a yi fitowa ta biyu ba.

Shi ya sa na ce wa yaran, duk wanda zai taɓa aikinku, gwajin farko shi ne ku ce ya nuna muku littafi ko mujallar Hausa da ya taɓa fitarwa. Ku buɗe tsakiya, ba bango ba, ku duba lanƙwasa, ku duba ko ya san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa. Wanda zai rubuta "yazo" a maimakon "ya zo" bai isa ya gyara muku rubutu ba. Ku tura aikin a kulle, a PDF, yadda ba mai canza harafi. Kada injin ya tashi sai ɗayanku ya je da ƙafarsa ya karanta gwajin bugu shafi-shafi ya sa hannu. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuɗin motar Zariya kuma bai kai asarar kwafi 1,000 ba.

Akwai wani ɓangaren na gyara da ya shafe mu mu mutanen Zamfara. Jikin labari a rubuta shi da daidaitacciyar Hausa, wannan ba gardama. Amma in dattijon 'Yandoto ya ce "mun tahi" ko "shekara biyat", a bar masa maganarsa yadda ta fito daga bakinsa. Editan da zai mayar da kowane tsoho Bakano ya kashe rabin abin da ya sa aka yi mujallar. Wannan ma a yi maganarsa tun kafin a fara.

To, me ya sa na zaɓi na Zariya? Saboda tambayoyin da suka ɓata wa yaran rai. Wanda ya tambaye ka ina kuɗin fitowa ta biyu, yana sa ran sake ganinka ne. Wanda bai tambaya ba, kafin alƙalaminka kawai yake so, ko sunanka. Har ma ya ce musu su rage buri: bango kaɗai ya zama mai kala, ciki baƙi da fari a takarda ta yau da kullum, kwafi 500 ba 2,000 ba. Wannan shawarar mai gaskiya ce, don ita ke rage masa ciniki. Kuɗin farantin bugu ɗaya ne, ko kwafi 300 za a buga ko 3,000, shi ya sa masu maɗaba'a ke cewa ka ƙara yawa kowane kwafi zai faɗo maka da sauƙi. Lissafin daidai ne a takarda. Sai dai kwantai ba shi da sauƙi ko nawa aka buga shi, kuma mujalla ba littafi ba ce, da wata uku ya wuce ta tsufa.

Ga kuma tsadar takarda. Masana'antun da aka gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su riƙe kasuwar ba, takardar bugu shigo da ita ake yi da dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake samu a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, ga man janareta ya bi sahu. Farashin da aka yi maka ta waya yau, in ka je ɗaukar kaya za a ce rim ya tashi, ka cika ko a riƙe. Don haka komai a rubuce: nauyin takarda, yawan kwafi, ranar da za a ba da kaya, abin da zai biyo baya in an makara, da wanda zai ɗauki asara in kuskuren daga maɗaba'a ne.

Amma ban ce su miƙa wa na Zariyan wuya ba. A nan ne ma na fi ja musu kunne. Sunan mujalla naku ne, ku yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni da sunanku kafin ku zauna da kowa. Lambar ISSN ta fito da sunanku. Rubutu da hotuna na masu su ne. Wanda zai yanke hukuncin abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba, editanku ne. Yarjejeniya ta zama ta fitowa huɗu, shekara ɗaya ke nan, in an ji daɗin juna a sabunta, in ba haka ba kowa ya kama gabansa, ku ɗauki sunanku da fayilolinku ku tafi. Marubutan Kano sun koya mana fuska biyu ta wannan al'amari. Irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba na ƙungiyar Raina Kama ba su zauna jiran manyan kamfanoni ba, suka buga littattafansu suka shigar da su kasuwa, har abin ya zama gagarumin adabi. Wasu marubutan kuma, don rashin jari, suka sayar wa 'yan kasuwa littafi ɗungurungum, aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru ba su ga sisi ba.

Misalin da na fi so in ba matasa shi ne mujallar Fim. Ibrahim Sheme, mutumin ƙasar Faskari, maƙwabtanmu, ya fara fitar da ita a Maris 1999, kuma shi ne mawallafinta. A wancan lokaci mujallun finafinan Hausa sun yi yawa, Tauraruwa da Mumtaz da sauransu, galibi sun kwanta. Fim ta haura shekara 20 tana fitowa. A ganina abin da ya raya ta shi ne, mai ita ya san masu karatunsa, ya riƙe sunanta a hannunsa, ya kuma san aikin jarida tun kafin ya fara.

Saura maganar da kowa ke mantawa da ita sai kwalaye sun iso: wa zai sayar? Jaridar Aminiya da kamfanin Media Trust ya fara a 2006 ta tarar da hanyar da Daily Trust ta riga ta share. Ku ba ku da wannan gatan. Kayanku daga Zariya za su taso, su bi Funtuwa da Sheme da 'Yankara kafin su iso Tsafe, a hanyar da direba mai hankali ba ya bari dare ya yi masa. Kamfanin Zariya zai iya ajiye muku kwafi a shagunan littattafai na can da na Kano, wannan na cikin amfaninsa. Amma Tsafe da Gusau da Bunguɗu aikinku ne. Ku san mai sayar da littattafai a ƙofar masallacin Juma'a, ku san ɗalibi ɗaya mai amana a Kwalejin Kiwon Lafiya ta Tsafe, wani a Kwalejin Ilimi ta Gusau, ku yanka wa kowa kamashonsa, ku rubuta abin da kuka ba shi a littafi. Wanda bai kawo kuɗin fitowar farko ba, kada a ba shi ta biyu, ko kawunka ne.

Yarinyar ce ta yi tambayar da na san tana zuwa. Ta ce, "Baba, to me zai hana mu bar takarda gaba ɗaya, mu sa ta a Facebook da WhatsApp?" Na ce ku sa, 'yata, yana da kyau, 'yan Tsafe da ke Legas da Abuja da Makka ta nan za su gan ku. Amma ki tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara. Gusau ta samu nata bayan kusan wata guda, mu na ƙananan hukumomi muka daɗe fiye da haka, mutane na shiga mota zuwa wasu garuruwa don kiran waya ɗaya. A waɗancan makonni duk abin da ke intanet ya fita daga hannunmu. Kuma manomin da kuka rubuta labarinsa, wayarsa ƙarama ce ta kira kawai. In kuna son ya riƙe maganarsa a hannu, jikansa ya karanta masa a ƙofar gida, sai takarda.

Sun tafi a kan za su gode wa mai kyautar Gusau da ladabi, su ce masa in yana son taimaka musu ya sa talla a shafi ɗaya, a farashin da kowa zai biya, a kuma rubuta a samansa cewa talla ce. Wannan shi ne roƙona ga duk masu hali na Zamfara da ke cewa suna son ci gaban matasa. Kada ku saye mujallar yaran nan. Ku sayi kwafi 50 ku raba wa makarantun garinku, ku biya nan take, ku bar su su rubuta abin da suka gani.

Kai kuma mai karatu, ranar da ka gan ta a tasha ko a ƙofar masallaci, kada ka tsaya ka karance ta a hannun mai sayarwa ka mayar masa, kada kuma ka ce ɗan unguwarku ne ya yi ta don haka a ba ka kyauta. Sa hannu a aljihu ka saya. Kuɗinka ne zai buga fitowa ta biyu.